Rumbun bayanan ƙungiya a Gure: yadda za ka gina shi ya jure

Duk wanda aka ɗora wa riƙon littafin bankin cimaka, ko na ƙungiyar masu kanwa da dabino a kwarurrukan Gure, ko rajistar wata makaranta a Kelle ko Gidigir, akwai ranar da Excel zai gaza masa. Za ka gane ranar ta zo idan sunan mutum ɗaya ya fito wuri uku da rubutu uku, kuma geron da aka ranta masa da damina ya ƙi yin daidai da wanda ya biya da kaka. A nan ne ake buƙatar rumbun bayanai mai tebura masu alaƙa da juna. Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa tsarin a 1970, kuma ginshiƙinsa guda ne: kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak, sauran wurare su riƙa nuni gare shi da lamba.

Kada zaɓen manhaja ya ɗauke maka lokaci. In kwamfuta ɗaya ce kuma mutum ɗaya ko biyu ke shigar da bayanai, ɗauki SQLite. Kyauta ce, ba ta neman intanet, rumbun gaba ɗaya fayil ɗaya ne, kuma tun da Richard Hipp ya fitar da ita a 2000 ta shiga kowace wayar Android da ke aljihun mutane. Ka haɗa ta da DB Browser for SQLite don ka riƙa ganin teburanka da ido. Sai ran da mutane da yawa za su yi aiki a lokaci guda daga ofisoshi daban za ka koma PostgreSQL, wadda a kanta DHIS2 ke zaune, manhajar da ma'aikatan lafiya a Nijar ke tura rahotanninsu da ita. Wanda ya koyi SQL, harshen ba rumbu umarni, a kan ƙaramar ba zai ɓata a babbar ba.

Tebura huɗu sun ishe ka farawa: na ƙauyuka, na mambobi, na rance, na biya. Sunayen teburan ka rubuta su da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba ƙugiya.

Inda aikin yake shi ne sunayen mutane, kuma a nan nake so ka daɗe. Mutum ɗaya katinsa na ɗan ƙasa na cewa Mahamadou, takardar makarantarsa na cewa Mamane, limamin unguwa ya rubuta Muhammadu, garin kuma kowa Dogo yake ce masa. A ƙauye ɗaya kana iya samun Musa Ibrahim biyar. Saboda haka suna ba ya zama shaidar mutum a rumbu. Ka buɗe gurbin lamba, ka sa masa INTEGER PRIMARY KEY, injin ya riƙa ba kowa lambarsa, sannan ka rubuta lambar a katin mamba da kuma a littafin takarda. Teburin rance ba ya ɗaukar suna ko kaɗan, lambar kawai yake ɗauka, a gurbin mamba_id. Lambar waya ma ba shaida ba ce: gida guda na iya raba waya ɗaya, mutum kuma yau yana Airtel, gobe Moov, jibi Zamani. Ka ajiye ta a gurbin rubutu, domin ba lissafi za a yi da ita ba, kuma alamar + ta +227 ba za ta tsira a gurbin lissafi ba. Suna, sunan uba, laƙabi da ƙauye, kowanne da gurbinsa. Kada ka raina gurbin laƙabi. Ranar rabon gero shi ne zai fitar da kai, domin da shi jama'a ke amsa kira.

Sunan ƙauye kuwa kada ka bari a riƙa buga shi da hannu. Gouré, Goure da Gure wuri uku ne a wajen inji. Ka rubuta kowane ƙauye sau ɗaya a teburinsa, tare da ƙaramar hukumar da yake ciki, ko Gure, Alakos, Bune, Gamu, Gidigir ko Kelle, mai shigar da bayani ya zaɓa daga jeri. Iyakokin mulki suna sauyawa. Tesker a cikin Gure take har 2011, lokacin da ta zama gundumar kanta. Irin wannan sauyi in ya zo, mai teburin ƙauyuka wuri ɗaya zai gyara, wanda ya warwatsa sunan a layi dubu kuwa zai kwana yana nema. Sai dai ka lura, SQLite ba ta tsare alaƙar tebura da kanta. Dole duk lokacin da manhajarka ta buɗe rumbun ta fara da PRAGMA foreign_keys = ON, in ba haka ba za a iya rubuta rance da lambar mamban da babu shi, ba wanda zai ce uffan.

Ga mai rubuta manhaja akwai tarko a cikin sunayenmu. A'isha, Sa'adu, Shu'aibu, duk suna ɗauke da alamar da SQL ke rufe zance da ita. In ka liƙa sunan kai tsaye a cikin umarni, da an zo kan A'isha umarnin zai karye. Ta wannan ƙofar ce kuma ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin su kwashe rumbu. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka bar alamar tambaya a gurbin sunan, kamar WHERE suna = ?, ka miƙa sunan daban. Ban yarda da wata dabara ba bayan wannan, musamman ta masu goge alamar daga sunan mutane don injin ya huta. Sunan mutum nasa ne.

Haka ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ka tabbata komai yana kan UTF-8, tun daga fayil ɗin CSV da kake ɗebowa daga Excel ko KoboToolbox, in kuma MySQL kake amfani da ita ka zaɓi utf8mb4. Sannan ka san cewa LIKE na SQLite baƙaƙen Ingilishi kaɗai yake daidaita babba da ƙarami. Ƙ da ƙ daban yake ganinsu, haka É da é. Ga kuma bambancin rubutu, Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y. Abin yi shi ne gurbi na biyu don bincike kawai, inda manhaja za ta zuba sunan da ƙananan baƙaƙe, ba ƙugiya ba wasalin Faransanci mai alama. A nema a can, a buga na asali a takarda.

Dattawa da yawa takardunsu shekara kawai suka nuna, an ce an haife su wajen 1968. Kada ka ƙirƙira musu ɗaya ga Janairu. In ka yi haka, bayan shekara biyu ba mai iya bambance wanda aka haifa ranar da wanda aka laƙaba wa ita. Gurbin shekara daban, gurbin cikakkiyar rana daban, wanda ba a sani ba a bar shi NULL. Kwanan wata kuma ka rubuta shi shekara, wata, rana: 2025-10-03. Domin 03/10 a injin da aka saita da Faransanci uku ga Oktoba ne, a wanda aka saita irin na Amurka goma ga Maris ne, kuma kwamfutocin da ke shigowa kasuwanninmu kowace da saitinta.

Yanzu kuɗi. Ka dubi abin da ke faruwa a bakin tebur. Wata dattijuwa ta kwance bakin zane ta ce, "Ɗana, ga ɗari." Dala ɗari take nufi, sefa 500. Yaron da ke kan kwamfuta ya ji ɗari ya buga 100. Ba wanda ya yi sata, amma an ci mata sefa 400, kuma ranar lissafi ma'aji ne zai rasa bakin magana. Ka sa wa gurbin suna kudi_sefa don kada a yi shakka, ka sa shi INTEGER, sannan fom ɗin ya riƙa nuna adadin ta fuska biyu kafin a adana: sefa 500, dala 100. Mai bugawa ya karanta wa mai biya da dala, da bakin da ta fahimta. Ka ƙara CHECK (kudi_sefa > 0) don sifili ko lamba mai ragi kada su wuce. Awon hatsi ma haka. Ka zaɓi tiya ko kilo, ka tsaya a kan ɗaya. Yawan tiyar da ke cikin buhu ka rubuta shi wuri guda da kwanan wata, tun da tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba.

Kada ka buɗe gurbin "saura". Abin da ake bin mutum ba a adana shi, lissafa shi ake yi. SELECT mamba_id, SUM(tiya) FROM rance GROUP BY mamba_id zai ba ka jimlar rancen kowa, ka yi irinsa a teburin biya, ka ɗebe. Layin da aka rubuta kuma ba a goge shi. In an yi kuskure, a gyara da sabon layi mai kwanan wata da sunan wanda ya gyara, yadda ake yi a littafin ma'aji na kirki. Fihirisa kuwa, CREATE INDEX a kan mamba_id ya wadatar, sauran sai rumbun ya yi nauyi.

Wuta tana ɗaukewa ba sallama, batirin kwamfuta kuma zafin bazara ya gama cinye shi. Duk aikin da ya taɓa tebur biyu, kamar rubuta biya da ƙara geron a lissafin sito, ka kewaye shi da BEGIN a farko da COMMIT a ƙarshe. In wuta ta yanke a tsakiya, rumbun zai koma yadda yake kafin a fara, ba rabi da rabi. In kuma ya zama dole ka yi UPDATE ko DELETE, ka fara gudanar da SELECT da sharaɗin WHERE iri ɗaya, ka ƙirga layukan da ido. Umarnin da aka manta wa WHERE kowane layi yake taɓawa.

Kwafin ajiya shi ne abin da kowa ke cewa yana yi. Jan fayil zuwa kle na USB alhali rumbun na buɗe yana iya ba ka kwafi gurgu. A SQLite ka yi VACUUM INTO 'ajiya-2025-10-03.db', a PostgreSQL ka yi pg_dump. Kowace ranar aiki kwafi ɗaya, da kwanan wata a sunansa, kada sabo ya danne tsoho. Ba a zuba iri duka a rumbu ɗaya, don haka kle guda ya kwana a gidan shugaban ƙungiya, nesa da ofis, kuma kada wannan kle ya shiga injin shagon buga takardu, inda cutar kwamfuta ke yawo. Sau ɗaya a wata ka buɗe kwafin a wata kwamfuta, ka gudanar da PRAGMA integrity_check, ka ga ya amsa ok, ka gwada jimlar rance da ta littafin takarda. Littafin nan kada a yar da shi.

Jerin masu bashi sirrin gidajen mutane ne. Tura shi a zauren WhatsApp tonon asiri ne, kuma tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. In mai ba da tallafi daga Damagaram ko Yamai ya nemi rahoto, jimla yake buƙata, ƙauye kaza tiya kaza, ba sunaye ba.

Matasan da ke riƙe irin wannan aiki sukan sami wani su tafi, ko karatu ya kira su. Tun yau ka rubuta shafi biyu: sunan kowane tebur da abin da ke cikinsa, awon da aka zaɓa, inda kwafi yake, da yadda ake dawo da shi mataki mataki. Kalmar sirri a rufe ta a ambulan a hannun ma'aji. Sannan ka zaunar da mutum na biyu a gaban injin, ka naɗe hannu, ya dawo da kwafin jiya da kansa.