Ciwon ƙoƙon gwiwa: mu duba ƙugu

Ƴan uwa manoma, akwai wani ciwo da ke kama gwiwa ta gaba, wajen ƙoƙo. Mukan ji shi in mun tsuguna dashen albasa a garka, ko muna gangarowa daga tudu da kaya a ka, ko mun miƙe bayan dogon zama. Ya fi kama mata da matasa. Mu kuwa sai mu yi ta shafa wa gwiwa magani, alhali sau da yawa abin gyara yana sama, a ƙugu.

Ga yadda abin yake. A ƙarshen ƙashin cinya akwai ɗan kwari. Cikinsa ne ƙoƙon gwiwa yake hawa yana sauka in mun lanƙwasa ƙafa. Naman ɗuwawu da na gefen ƙugu su ke riƙe cinya kada ta juya ciki. In sun yi rauni, gwiwa sai ta riƙa karkata wajen ƴar uwarta, nauyi ya taru gefe guda na ƙoƙo, ciwo ya taso.

Mu gwada. Mu dafa bango, mu tsaya da ƙafa ɗaya, mu ɗan rusuna. Ya kamata gwiwa ta tsaya daidai saman yatsa na biyu. In ta faɗa ciki, ƙugu na son ƙarfi.

A shekara ta 2018, masanan wannan ciwo na ƙasashe da yawa sun ba da shawarar a haɗa motsa ƙugu da motsa cinya. Aikin ba ya cin kuɗi, tabarma ta isa. Mu kwanta ta gefe, mu ɗaga ƙafar sama a miƙe, mu sauke ta sannu. Sau 10, mu huta, mu sake har zagaye 3. Sa'an nan mu kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, mu ɗaga ɗuwawu sama. Domin cinya kuma, mu zauna kan turmin da aka kife, mu tashi ba tare da dafa hannu ba, gwiwoyi a ware.

Kwana 3 a sati ya isa, amma sai an jure sati 6 zuwa 12. Nan ne yawancinmu ke kasawa. In ciwo ya ƙaru har ya kwana, mu rage yawan aikin, kada mu daina.

Amma in gwiwa ta kumbura, ta yi zafi da zazzaɓi, ko ta ƙi miƙewa bayan faɗuwa, wannan wani ciwo ne dabam. Kada a yi tsaga ko ƙaho, a tafi gidan likita ran nan.