Darasin lafiya: kayan ɗanɗano da haɗa mayonas a gida

Lokacin noman rani garake sukan cika da salati, tamati, karoti da albasa. Shi ya sa a wannan karo za mu yi nazari a kan abubuwan da ke ƙara wa cimaka armashi, sa'an nan mu koyi haɗa mayonas, wadda mutanen birni ke shafa wa burodi suna zuba wa salati.

1. Abin da muka gada

Ƙasarmu ba ta rasa kayan ɗanɗano ba. Muna da daddawar kalwa da daddawar batso ta ƴaƴan yakuwa, dukansu suna ɗauke da sinadarin gina jiki. Muna da albasar Galmi, da gabu, da jan tattasan Diffa, da tafarnuwar lambunan Ayar. Ga kuma yaji, wanda ake dakawa da ƙuli-ƙuli, barkono, citta da kanumfari. Sai dai a tsince gyaɗar ƙuli-ƙuli da kyau: wadda ta yi fumfuna tana da guba mai lahanta hanta.

Dunƙulen miya na kanti kuwa mafi yawansa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, domin yawansa yana kawo hawan jini. In an sa dunƙule, a rage gishiri. Ɗan wanda za a sa kuma ya zama mai iyodi, domin shi ke kare mu daga maƙoƙo.

2. Mece ce mayonas?

Kowa ya san mai da ruwa ba sa gamuwa. Amma a cikin gwaiduwar ƙwai akwai wani sinadari mai suna lesitin. In ana kaɗawa, mai yakan farfashe ya zama ƙananan ɗigo, sinadarin nan ya lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi komawa cikin ɗan uwansa. Ta haka haɗin yake yin kauri.

3. Kayan haɗi

Gwaiduwar ƙwai 1, na kaza ko na zabo, man gyaɗa mai kyau, kada ya wuce rubu'in lita, ruwan lemun tsami ko binegar, babban cokali 1, gishiri kaɗan, mutardi ƙaramin cokali 1, in akwai.

4. Yadda ake yi

A fara wanke hannu da sabulu, a samu kwano mai tsabta wanda ya bushe. A gwada ƙwan cikin ruwa: sabo yakan nutse, wanda ya daɗe yakan taso sama. Mai tsaga ko mai kashin kaji a jiki, a bar shi. A ware gwaiduwa, a haɗa ta da gishiri, mutardi da rabin ruwan lemun, a kaɗa da cokali mai yatsu ko maburgi. Daga nan a riƙa ɗiga mai ɗigo-ɗigo ana kaɗawa ba tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa: wanda ya kwarara mai gaba ɗaya, haɗinsa zai tsinke. In ta fara kauri, a ƙara yawan man kaɗan-kaɗan, a ƙarasa da sauran lemun. In kuwa ta tsinke, kada a zubar. A sa sabuwar gwaiduwa cikin wani kwano, a riƙa zuba tsinkakkiyar a kanta cokali-cokali ana kaɗawa, za ta kama.

5. A yi hattara

Ɗanyen ƙwai yana iya ɗaukar ƙwayar cuta mai suna salmonela. Ita ke kawo zawo, amai, ciwon ciki da zazzaɓi, tun daga awa 6 bayan ci har zuwa ƴan kwanaki. Zafi irin namu yana sa ta hayayyafa da sauri, kuma ba a gane ta da ido ko da hanci. Saboda haka:

- Kada mayonas ta gida ta wuce awa 2 a waje. In zafi ya haura digiri 32, awa 1 kawai.
- Mai firijo ya rufe ta, ya cinye cikin kwana 2. Marar firijo ya yi daidai cin lokaci guda.
- Mace mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya kada su ci ta ɗanyen ƙwai.

Domin su ga wata dabara: a dafa ƙwan ya tafasa minti 10, a murje dafaffiyar gwaiduwa da lemu da mutardi, sa'an nan a ɗiga mai kamar yadda muka faɗa. Kaurinta bai kai na waccan ba, amma ta fi aminci. Masu sayar da burodi da salati a bakin hanya su riƙe wannan da kyau, domin kwano ɗaya da ya wuni cikin rana yana iya kwantar da mutane da yawa. Yaron da zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita ba da jinkiri ba.

Tambayoyi

1. Me ke haɗa mai da ruwa cikin mayonas?
2. Su wa ne bai kamata su ci ta ɗanyen ƙwai ba?
3. In gwaiduwa 1 tana ɗaukar rubu'in lita, gwaiduwa nawa za a sa wa lita 1?

A karanta wa na gida wannan darasi. Allah ya ƙara mana lafiya.