Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Jirgin Ruwa Ya Shiga Kwalba?

Tambaya: Wata ɗaliba daga Katsina ta rubuto cewa ta ga hoton ɗan ƙaramin jirgin ruwa zaune daram a cikin kwalba, alhali bakin kwalbar da ƙyar yatsa zai shiga. Wasu ƙawayenta sun ce yanke gindin kwalbar ake yi a sa jirgin a liƙe, wasu kuma sun ce kwalbar ake ƙerawa a kewaye da shi. Tana son sanin gaskiyar lamarin, da yadda hannun mutum ke haɗa abu ƙanƙani haka.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Ƙawayenki ba su da laifi, duk wanda ya fara ganin abin nan haka yake zato. Amma gwanayen wannan aiki ba sa yanke kwalba. Ƙera ta a kewaye da jirgi kuwa ba zai yiwu ba, domin gilashi ba ya sarrafuwa sai ya narke da zafin da ya haura digiri 1,000, katako da zare kuwa nan take za su zama toka. Ta baki jirgin yake shiga, wannan ɗan bakin dai da kika gani.

A waje ake gina shi. Mai aikin zai fara auna bakin kwalbar, sannan ya sassaƙa gangar jikin jirgin siririya yadda za ta wuce. Abin da ke sa jirgi ya cika ido shi ne filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgi, da dogayen sandunan da ke riƙe su. To, a nan dabarar take. Ba a kafa sandunan nan ƙam. Kowace ana soke gindinta da 'yar siririyar waya, yadda za ta iya kwanciya ta baya, ta kuma miƙe. Daga kan kowace sanda ana ɗaura zare, a bi da shi ta 'yar huda a hancin jirgin, a bar shi da tsawo sosai.

Idan lokacin shiga ya yi, sai a kwantar da sandunan, a naɗe filafilan a hankali, jirgin ya tsuke kamar laimar da aka rufe. Kafin nan an riga an shimfiɗa "teku" a cikin kwalbar, wani ƙulli ne mai danƙo da aka rina shuɗi, ana tura shi kaɗan-kaɗan da doguwar waya. A zura jirgin, a zaunar da shi, a jira ya kama. Sai a ja zarurrukan da suka rage a waje ɗaya bayan ɗaya, sandunan su miƙe, filafilan su buɗe. A ɗiga gam a inda zaren ya bi, in ya bushe a yanke ragowar da guntuwar reza da aka ɗaura a kan tsinke. Idan jirgin ya fi bakin faɗi, akan raba jikinsa biyu ko uku, a haɗa a ciki.

Batun ƙanƙanta kuwa, da lissafi ake tafiya. In kika ga an rubuta 1:700, ana nufin santimita ɗaya a jikin ɗan jirgin tana tsaye a madadin santimita 700 na jirgin gaske. A wannan ma'auni, jirgin Titanic mai tsawon mita 269 zai dawo santimita 38, matuƙin jirgi kuma bai kai milimita uku ba. Igiya mai kaurin santimita biyu za ta fi gashin kai siranta. Shi ya sa a irin wannan ƙanƙanta masu aikin sukan bar zaren ɗinki su koma wa siririyar waya, su yi filafilai da takarda marar kauri, su nemi itace mai laushin sassaƙa wanda ba ya tsagewa. A ganina babbar gwaninta ita ce sanin abin da za a bari. Wanda ya nace sai ya sa kowace igiya, da kaurin da hannunsa ya iya, jirginsa zai fito a cunkushe. Gwani yakan zaɓi kaɗan ya sa su daidai, idon mai kallo ya cike sauran.

Sana'ar tana da tarihi mai taɓa zuciya. Tsakanin 1793 da 1815, lokacin yaƙe-yaƙen Ingila da Faransa, an tsare dubban fursunonin Faransa a wurare irin su Norman Cross da Dartmoor. Wasunsu sun riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, su goge, su sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi, su sayar don samun na kashewa. Waɗannan ba a kwalba suke ba. Na kwalba sun yaɗu ne daga baya a ƙarni na 19, sa'ad da farar kwalba ta yi araha, ma'aikatan jirgi kuma suka sami abin rage doguwar tafiya. A garin Enkhuizen na ƙasar Holan akwai gidan tarihi na jiragen kwalba zalla.

Akwai ma hannun ɗan Najeriya a labarin. A 2010 Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, ya kafa wata ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar na Landan, ɗauke da samfurin wani jirgin yaƙi mai suna Victory a ma'aunin 1:30, filafilansa da zanen atamfa. Yanzu tana gaban gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich.

In kina sha'awar gwadawa, ki nemi farar kwalba mai gajeren wuya da faɗin baki, ki fara da jirgi mai sanda ɗaya. Ki gwada kwantar da ita da miƙar da ita sau da yawa a waje kafin ki zura, domin zaren da ya sarƙe a cikin kwalba yana da wuyar warwarewa.