Kafin ka ce ba shi da tawakkali

Ɗana, ka ɗan ajiye wayar nan ka saurare ni, domin maganar da zan yi maka ba ta son gaggawa. Ka tuna Sushant Singh Rajput, jarumin Indiyan nan da ya fito a fim ɗin tarihin ɗan wasan kurket Dhoni, wanda aka tarar da gawarsa a gidansa na Mumbai ranar 14 ga Yuni, 2020, yana da shekara 34, ƴan sanda suka ce shi ya kashe kansa. Mu da muka tashi da finafinan Indiya tun zamanin silima, labarin ya shiga kowace majalisa, daga Kubwa har Nyanya a nan Abuja, kuma maganar da ta fi yawo ita ce: me ya rasa? Ga kuɗi, ga suna, rashin tawakkali ne kawai.

Addininmu ya haramta kashe kai, wannan ba abin gardama ba ne, kuma hisabin wanda ya tafi yana wurin Allah. Ni wanda ke zaune kusa da kai nake ji, domin lokacin da kake yanke wannan hukunci da babbar murya, wataƙila a kan bencin akwai wanda ya yi watanni barci ba ya ɗaukarsa, ya taya ku dariya, ya kuma ƙudurta a ransa cewa ba zai taɓa buɗe muku cikinsa ba.

Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana kama mai salla a sahun farko, yana kama mai gida a Maitama. Jarumar Indiya Deepika Padukone ta fito a 2015 ta faɗa da bakinta cewa ta yi fama da shi tana tsakiyar tashe. Abujar nan kuwa, Allah ya ba ka haƙuri, garin baƙunta ce: yaro ya baro Funtua ko Gusau, ga kuɗin haya na shekara a dunƙule, ga masu ba da bashi ta waya suna tura wa ƴan'uwansa saƙon tozarci, su kuma mutanen gida sun ɗauka duk wanda ya shigo Abuja kakarsa ta yanke saƙa, saboda haka ko kuka ba shi da wurin kai wa.

Ka kula da abin da kake turawa. Bayan mutuwar ɗan wasan barkwancin Amurka Robin Williams a watan Agustan 2014, masu bincike sun gano kashe kai ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100 a ƙasar a watannin da suka biyo baya. Hoto da bayanin yadda mutum ya yi, mai rauni suke isa wurinsa kafin kowa.

Idan ka ga abokinka ya janye daga mutane, abinci ya fita ransa, yana rarraba kayansa, yana yawan cewa gara a huta da shi, kada ka tsaya kwana-kwana. Ka keɓe da shi ka tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Likitoci sun ce tambayar ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada ka fara wa'azi, kada kuma ka bar shi shi kaɗai a ɗaki. Ka kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka kai shi Asibitin Ƙasa, ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Karu, ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, in abin ya zo da gaggawa ka kira 112. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in ana so, amma da magani a hannu, kuma ban yarda a sa wa ɗan kowa mari ba.

Na san abin da ke sa iyaye ɓoyewa. Kunya ce, da tsoron kada a ƙi auren ƴaƴan gidan, da kuma hukuma, domin sashe na 231 na dokar Penal Code ya daɗe yana tanadar ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da a ganina ƙara wa mara lafiya azaba ne. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, saboda haka za ku yi layi, ku yi haƙuri da shi.

Abokin naka zai roƙe ka kada ka gaya wa kowa. Wannan alkawari kada ka ɗauka, ɗana. Ka sanar da yayansa ko mahaifiyarsa ko da zai daina gaishe ka na wani lokaci. Ka kuma raka shi komawa wurin likita karo na biyu da na uku, domin maganin yakan ɗauki makonni kafin a fara jin amfaninsa, kuma a wannan tsakanin ne da yawa ke cewa ba ya aiki su ajiye shi.