Abin Da Kirista Ke Nufi In Sun Ce Allah Mai Tsarki Ne

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makaranta ta Talata Mafara, ran nan muna cikin ba 'yan aji biyar darasin Hausa, sai muka rubuta kalmar nan "tsarki" a allo, muka ce kowa ya sa ta cikin magana. Yaro na fari ya ce, "Na ɗauki buta na yi tsarki." Na biyu ya ce, "Ba a salla sai da tsarki." Can sai wani yaro daga baya, ɗan wani ma'aikaci Kirista da aiki ya kawo garin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a gidanmu akwai Littafi Mai Tsarki." Kafin mu buɗe baki sai na kusa da shi ya ce, "Ina kuka ga tsarki, ku da ba ku alwala, kuna shiga ɗakin ibada da takalma?" Aji ya kwashe da dariya. Muka tsawata, aka yi tsit, amma gaskiyar magana ba mu da amsar da za mu ba ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda ya san Mafara ya san irin wannan magana ba ta wasa ba ce. A watan Agusta na shekara ta 2016 aka zargi wani ɗan makaranta da ɓatanci a garin, kafin ƙura ta lafa mutum takwas sun halaka. Saboda haka da muka komo kwaleji muka ga ya wajaba mu bincika, mu rubuta wa 'yan'uwa abin da muka samu. Mu Musulmi ne, allo muka fara riƙewa kafin fensir, ba kuwa gardamar addini muka zo yi ba. Amma malamin da zai tsaya gaban yara masu addini biyu, lalle ya san abin da kowane yaro ke nufi da kalmar da ta fito bakinsa.

Mu fara da kalmar kanta. A kunnenmu, da an ce tsarki sai mu tuna da ruwa, gama a Ahalari da Ishmawi da Risala babin tsarki shi ke gaba da babin salla. Amma ko a wurinmu tana da wata ma'ana da ta fi wannan girma, domin in muka fassara tasbihi mukan ce tsarki ya tabbata ga Allah, ba kuwa wanda zai ce wanka ake nufi. Ana nufin Ya nisanta daga kowane aibi da kowace kama da halitta. Cikin sunayensa kyawawa akwai Alƙuddusu, yana nan a Suratul Hashri da farkon Suratul Jumu'a. To, harshen Yahudawa na dā, watau Ibrananci, ɗan'uwan Larabci ne, kalmarsu ta wannan wuri kuwa ita ce "kadosh", tushenta ɗaya da Ƙuddusu da Ƙudus da Baitul Muƙaddas. Masana da yawa sun ce asalin ma'anarta keɓewa ne, abin da aka ware dabam, ba a taɓa shi kamar sauran abubuwa.

Wannan kalma ce masu juya littafin Kirista zuwa Hausa suka nemar wa abokiya. Babbansu shi ne Likita Walter Miller, wanda ya zo Kano a shekara ta 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarkin Kano Alu ya sallame su, daga baya ya zauna a birnin Zariya, har aka mai da mishan ɗin Wusasa. Shi da abokan aikinsa suka gama juya littafin duka, aka buga shi a Ingila a shekara ta 1932. Ba su ƙago sabuwar kalma ba, suka ɗauki tamu ta makarantar allo, suka sa wa littafin suna da ita. Tun daga ran nan kalma ɗaya ta shiga yi wa gida biyu aiki, shi ya sa yaran nan biyu kowa ke ganin tasa ce.

Kadan ka tambayi malamin Kirista inda aka fi bayyana tsarkin Allah cikin littafinsu, galibi zai kai ka sura ta shida ta littafin Ishaya. Shi Ishaya ba a ambaci sunansa cikin Alƙur'ani ba, amma Yahudawa da Kirista suna lissafa shi cikin manyan annabawa. Labarin ya ce a shekarar da Sarki Uzziya na Yahuza ya rasu, wajen shekara 740 kafin haihuwar Annabi Isa, aka nuna masa wahayi cikin Haikali, ya ga kursiyi maɗaukaki, da waɗansu mala'iku da ake ce wa serafim, kowane da fiffike shida. Biyu ya rufe fuska da su, biyu ya rufe ƙafafu, biyu yake tashi da su. Suna kiran juna suna ambaton tsarkin Ubangiji har sau uku, ƙofofi suna girgiza, hayaƙi ya cika ɗakin. A duba fa, ko mala'ikun da ba su taɓa saɓo ba sai da suka rufe fuska. Maimaitawa sau uku kuwa al'adar Ibrananci ce in ana son ƙarfafa magana, kamar yadda mu kan ce "maza-maza", sai dai Kirista suna ƙarawa da cewa ishara ce ga akidarsu ta Uku-cikin-Ɗaya. Yahudawa ba su karɓi wannan fassara ba, mu ma Ƙulhuwallahu ta raba mu da ita.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya biyo baya. Ishaya ya firgita, ya tabbata halaka ta same shi. Bai kuwa yi kukan rigarsa ko jikinsa ba, kukan leɓunansa ya yi, watau maganganun da ke fita bakinsa da bakin mutanensa. Sa'an nan ɗaya daga cikin mala'ikun ya ɗauko garwashi daga bagade, wurin ƙona hadaya, ya taɓa bakinsa da shi, aka gaya masa an kawar da laifinsa, kana aka aike shi wurin jama'a. Malaman Kirista suna fitar da abu uku daga nan. Allah dabam yake da dukan halitta. Tsarkinsa ba ya zama wuri ɗaya da zunubi, kamar yadda busasshen kara ba ya zama kusa da wuta. Na uku, wanda suka fi nanatawa, mutum ba shi da ikon tsarkake kansa, gama garwashin daga wajen bagade ya fito, ba Ishaya ya ɗebo da hannunsa ba.

To, ina maganar takalma? Labarin Annabi Musa yana wurinsu kamar yadda yake wurinmu. A littafin Fitowa sura ta uku an umurce shi ya tuɓe takalmansa domin ƙasar da ya taka mai tsarki ce, mu kuma muna karanta shi a Suratu Ɗaha, a kwarin Ɗuwa. Attaura cike take da dokokin wanka da na abinci da na abin da ke ƙazantar da mutum, har wanda ya karanta Littafin Firistoci zai ce wani babi ne na fiƙihu. A can ƙuryar Haikali akwai ɗaki da ake kira Wuri Mafi Tsarki, an tsare shi da labule, ba mai shiga sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, ran Kafara, da jinin hadaya a hannunsa.

A nan ne hanyarmu da tasu ta rabu. Kirista sun gaskata an gicciye Yesu Almasihu, littattafan Matiyu da Markus da Luka kuma sun ce a sa'ar mutuwarsa labulen nan ya tsage. Ma'anar wannan a wurinsu ita ce, hadayarsa ta ɗauke wa sauran hadayu aiki, ƙofar da ke rufe ta buɗe ga kowa. Mu dai Suratun Nisa'i ta gaya mana ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, ba mu da abin ƙarawa. Amma sai an fahimci wannan akida tasu kafin a gane dalilin da ya sa yawancinsu ba su ɗauki ruwa sharaɗin ibada ba. Suna kafa hujja da sura ta bakwai ta Markus, inda aka soki almajiran Yesu don sun ci abinci ba su wanke hannu bisa al'ada ba, shi kuwa ya nuna abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum, irin su sata da zina da hassada da girman kai. Bulus kuma ya rubuta wa mutanen Koranti cewa jikin mai bi shi ne haikali. Wanka ɗaya suka riƙe, shi ne baftisma, sau ɗaya a rayuwa. Haikalin Ƙudus ɗin ma Rumawa sun rushe shi a shekara ta 70.

Akwai wani labari a farkon Markus da ke ƙara haske. Bisa ga Attaura kuturu marar tsarki ne, a bayan gari yake zama. Labarin ya ce Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, kuturun ya warke. Sukan ce a nan tsarki ne ya rinjayi ƙazanta ya bi ta har inda take. Muna tsammani wannan na cikin abin da ya sa 'yan mishan suka karɓi aikin jinyar kutare a ƙasar nan cikin shekarun 1930, a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano, ko da yake ba a rasa neman mabiya a ciki ba.

Kada kuwa a ɗauka duk Kirista sun yar da tsarkin wuri. Na Habasha suna tuɓe takalma a ƙofar coci, cocin Habasha kuma yana da ɗaki a can ciki da suke kira "maƙdas", wanda jama'a ba su shiga, sai masu hidimar bagade. Ga tushen kalmar nan ya sake fitowa. A Ikko cikin shekara ta 1925 aka kafa ƙungiyar Kerubim da Serafim, masu fararen riguna, sunan mala'iku suka ɗauka, su ma ba su shiga ɗakin addu'a da takalmi. Katolika suna taɓa ruwan da aka yi wa addu'a a bakin ƙofa, su durƙusa wajen bagade, su kame baki sa'a guda kafin su karɓi jibi, wanda ya san yana da babban zunubi kuwa ba ya karɓa sai ya je ya furta shi gaban fada. Su da Angilikan, in an zo tsakiyar sujadar jibin Ubangiji, jama'a duka kan ɗauki ambaton nan na mala'ikun Ishaya, suna ganin muryarsu ta haɗu da ta sama ke nan. Addu'ar da kowane yaron Kirista ya haddace kuma, wadda suka ce Yesu ya koya wa almajiransa, roƙonta na fari shi ne a tsarkake sunan Allah, kafin a roƙi abinci ko gafara. Da yaron nan na Mafara ya san wannan, da bai ce abokinsa bai san tsarki ba.

Wuri ɗaya muke roƙon 'yan'uwa su yi hattara da shi ƙwarai. In ɗan Musulmi ya ji Ruhul Ƙudusi, Mala'ika Jibrilu ya sani, haka malaman tafsiri suka faɗa. In ɗan Kirista ya ce Ruhu Mai Tsarki, ba mala'ika yake nufi ba, yana nufin ɗaya daga cikin ukun nan da suka ce Allah ɗaya ne, akidar da manyansu suka tabbatar a taron Kustantiniya a shekara ta 381. Sun ce shi ke zama cikin mai bi yana gyara halinsa sannu sannu. Saboda haka wasiƙun Bulus ke kiran talakawan masu bi "tsarkaka", ba waliyyai kaɗai ba. Malamin da ya ce wa aji ai duk abu ɗaya ne don a zauna lafiya, ya yi wa yaran biyu ƙarya, iyayensu kuwa za su gane.

Mu kuma binciken nan ya mai da mu ga littafinmu na farko. Mun buɗe Ahalari, sai muka tarar kafin ya kai ga maganar ruwa ya riga ya yi maganar gyara imani, da tuba, da tsare harshe daga ƙarya da giba da annamimanci da yi wa mutane ba'a. Duk mun haddace wannan muna yara a zaure, amma babin buta ne ya fi zama a kanmu, watakila don shi ake gani da ido. Imamu Gazali ma a cikin Ihya ya kasa tsarki mataki huɗu, wankin jiki shi ne na ƙasa. Ba mu ce a rage alwala da ko ɗigo ɗaya ba. A ganinmu wanda ya ce zuciya kaɗai ake dubawa yana iya sakaci har ya rasa abin da zai tuna masa girman wanda yake tsaye gabansa, ruwan sanyin asuba kuwa yana tunasarwa. Amma ranar nan a aji, harshen da ya yi ba'a na mai alwala ne, mu da ke riƙe da alli kuma ba mu tuna masa shafin farko na littafinsa ba.

An ce zango mai zuwa za a rarraba mu Bakura da Maradun da Mafara. In Allah ya sa aka mai da mu ajin nan, za mu sake rubuta kalmar a allo, mu sa maganar buta da ta Littafi a jere, mu ce wa yara su nemo ta uku wadda ba ruwa a cikinta. Yaran biyu dai mun ji har yanzu benci ɗaya suke zama, gama benci bai wadata a ajin ba.