Yadda Ake Karanta Hasken Filazma da Ido Ba Ya Gani

Da farko sai an samar da filazmar kanta. Ana ɗora guntun ƙarfe ko dutse a cikin akwatin gwaji, a tattara hasken lesa a kansa, a ɗigon da bai kai kan allura ba. Yawanci lesar Nd:YAG ake amfani da ita, mai zangon haske nanomita 1064, kuma harbinta ba ya wuce 'yan nanosakan. Nan take wurin ya turare, ƙwayoyin zarra su zubar da ilektron ɗinsu, wata 'yar ƙwallon wuta, wato filazmar, ta tashi da zafin da ya haura digiri 10,000. Idan a sarari aka yi harbin, har ƙarar tas za ka ji.

Hasken da ake nema shi ne altirabayolet, wanda ke bayan launukan bakan gizo, ƙasa da nanomita 400. Samar masa hanya ita ce wahalar. Gilashin taga yakan shanye shi daga wajen nanomita 300, don haka da gilashin kwaz ake tattaro shi. Ƙasa da 200 kuwa, oksijin ɗin da muke shaƙa shi ke tare hanya, sai a kunna famfo a zuƙe iskar na'urar auna hasken baki ɗaya. Bajamushen nan Victor Schumann ne ya fara ƙetare wannan shinge a 1893. In aka gangara ƙasa da 105, babu tagar da hasken zai ratsa, sai a bar filazma da na'ura cikin akwati ɗaya.

Daga nan hasken ya shiga ta wata siririyar tsaga, ya faɗa kan madubi mai zane-zane, wanda akan ja wa layuka 1200 ko fiye a kowace milimita. Layukan ne ke warwatsa shi, kowane zango ya kama gabansa. Henry Rowland na Jami'ar Johns Hopkins ya ƙirƙiro irin wannan madubi mai lanƙwasa a 1882, kuma har yau ana cin moriyarsa, domin yana rarrabe hasken ya kuma tattara shi lokaci guda.

A ganina, gwaninta tana wajen sanin lokacin buɗe kyamarar da ke ɗaukar hasken. Da filazma ta tashi, haskenta fari fat ne, babu layin hasken wani sinadari da ake iya tsinta. Sai an jira ƙura ta lafa, wajen kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, kafin layukan su fito sarai. Wanda ya yi gaggawa hazo zai ɗauka, wanda ya makara kuma ya tarar wutar ta mutu.

Kafin a amince da sakamako, ana gwada na'urar da fitilar zaiba, wadda layinta ke kan nanomita 253.7. Sannan a zauna karatu. Matsayin layi yana faɗin sinadari: kabon, alal misali, yana bayyana a 247.9. Kaurin layi yana nuna cunkoson ilektron, ƙarfin layuka kuma, in an gwama su, yana ba da zafin filazmar.

Da wannan dabara na'urar ChemCam da ke kan motar Curiosity, wadda ta sauka duniyar Mas a 2012, take harbin duwatsu daga nisan da ya kai mita 7, ta aiko da bayanin abin da ke cikinsu.