Yadda ake haɗa ƙaramar kwamfuta da na'urar kiɗa ta gida

Mutane da yawa sun shekara suna tara waƙoƙi da karatun Alƙur'ani da tafsiri, amma abin a warwatse yake: wasu a waya, wasu a filashi, wasu a tsohuwar kwamfutar da an daina kunnawa. Ga kuma na'urar kiɗa mai kyau a falo, irin wadda ke shiga sadarwar gida, ta Yamaha ko Denon ko Marantz ko WiiM, amma kullum da Bluetooth ake jona ta da waya. Kira ya shigo, sauti ya yanke. Mai wayar ya fita, komai ya tsaya. Maganin wannan shi ne a samu ƙaramar kwamfuta guda ta zama rumbun gidan, duk abin saurare ya taru a cikinta, na'urar falo ta riƙa ɗebowa da kanta. Idan aka gama haɗawa, ba za a ƙara ƙona data a kan abin da mutum ya riga ya mallaka ba, domin sautin ba ya fita daga cikin gida.

Aikin na abubuwa uku ne. Kwamfutar ce mai ajiya, na'urar falo ce mai fitar da sauti, waya kuma rimot ce kawai. Yaren da ke tsakaninsu shi ake kira UPnP ko DLNA, kuma yawancin na'urorin kiɗa masu shiga sadarwa suna jin sa. Sharaɗi ɗaya ne babba: dukkansu su kasance a kan rauta ɗaya.

Kayan da za a tanada

Kwamfutar da ta fi dacewa ita ce Raspberry Pi, wadda aka fara fitarwa a Ingila a 2012, girmanta bai wuce na katin ATM ba sosai. Samfurin Pi 4 na 2019 ya isa har ya yi saura. A samo mata caja mai bakin USB-C da ke ba da bolt 5 da amfa 3. Kada a yi ƙoron cajar nan. Cajar waya ta bakin titi ita ce tushen yawancin matsalolin da ake ɗora wa kwamfutar. Sai katin memori mai gigabayit 16 ko 32, da faifan ajiya na USB inda waƙoƙin za su zauna, da kebul ɗin sadarwa, da rauta mai ramin kebul a bayanta. Yawancin ƙananan MiFi na aljihu ba su da wannan rami, don haka a duba kafin a fara. A ƙarshe ana buƙatar laftof na ɗan lokaci don shirya katin.

Mataki na ɗaya: gyara waƙoƙin tun kafin a kwashe su

Nan ne mutane ke tsallakewa, kuma nan ne daɗin aikin yake. Na'urar kiɗa ba ta damu da sunan da ka ba fayil ba. Bayanin da ke ƙunshe a cikinsa take karantawa, wato sunan mawaƙi, sunan kundi da lambar waƙa. Waƙar da aka tura maka a kasuwa ko ta WhatsApp sau da yawa ba ta da ko ɗaya. Sai ka buɗe jerin ka tarar da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge duk sun cakuɗe ƙarƙashin mawaƙin da ba a san shi ba, kowace waƙa da suna irin AUD-WA0007. Ka sauke manhajar Mp3tag a laftof, ka zaɓi waƙoƙin mutum ɗaya gaba ɗaya, ka rubuta sunansa sau ɗaya, ka adana. Ka tsaya a kan rubutu iri ɗaya: idan ka sa Musa Ɗankwairo a nan, Dankwairo a can, na'urar za ta ɗauke su mutum biyu. Karatu da tafsiri a ba su folda tasu, sunan malami a gurbin mawaƙi, lambar sura a gurbin lambar waƙa, don su jeru daidai.

Idan kana da fayafayen CD na asali, ka kwafe su a tsarin FLAC, wanda ke rage girman fayil ba tare da taɓa ingancin sauti ba. Daga nan ka kwashe komai cikin faifan USB. Tsarin exFAT ya fi sauƙi, domin Windows da Mac da Pi duk suna karanta shi.

Mataki na biyu: shirya katin memori

Ka sauke Raspberry Pi Imager a laftof, ka saka katin, ka zaɓi samfurin kwamfutarka, sannan ka zaɓi Raspberry Pi OS Lite. Wannan ba shi da allo mai hotuna, kuma ba ka buƙatarsa. Kafin a fara rubutawa, manhajar za ta ba ka damar saiti. Ka ba kwamfutar suna, misali rumbu. Ka sa sunan mai amfani, misali gida. Ka zaɓi kalmar sirri mai ƙarfi. Ka kunna SSH, wanda shi zai ba ka damar sarrafa ta daga laftof ba tare da jona mata allo ba. Ka sani duk abin da ke kan katin zai goge.

Mataki na uku: kunnawa da shiga

Ka saka katin a Pi, ka jona kebul daga gare ta zuwa rauta, ka jona faifan USB a ɗaya daga ramuka masu shuɗin launi, sannan ka ba ta wuta. Bayan 'yan mintuna ka buɗe PowerShell a Windows ko Terminal a Mac, ka rubuta:

ssh gida@rumbu.local

Ka sa kalmar sirri. Ba za ka ga haruffan suna fitowa ba, haka tsarin yake. Da ka shiga, ka sabunta ta:

sudo apt update
sudo apt full-upgrade

Wannan mataki da na saukar da manhaja su kaɗai ne za su ci data.

Mataki na huɗu: nuna mata faifan waƙoƙi

Ka rubuta lsblk -f. Za ka ga faifanka, galibi da suna sda1, da wata lamba a ƙarƙashin UUID. Ka kwafe lambar. Sai ka buɗe masa wurin zama, ka shiga fayil ɗin da ke tuna wa kwamfutar faifanta a duk kunnawa:

sudo mkdir /mnt/waka
sudo nano /etc/fstab

A can ƙasa ka ƙara layi ɗaya, lambarka a gurbin LAMBA:

UUID=LAMBA /mnt/waka exfat defaults,nofail,umask=022 0 0

Kada ka bar nofail. Idan babu ita, ranar da aka zare faifan kwamfutar na iya ƙin tashi. Ka danna Ctrl da O, ka danna Enter, sannan Ctrl da X. Ka rubuta sudo mount -a, sannan ls /mnt/waka. Idan foldojinka sun bayyana, ka wuce gaba. Faifai mai juyi yakan ja wuta fiye da abin da Pi 4 ke iya bayarwa cikin natsuwa. In ka ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa, ka koma faifan SSD marar juyi ko ka sa masa mahaɗin USB mai nasa caja.

Mataki na biyar: girka manhajar rabawa

sudo apt install minidlna
sudo nano /etc/minidlna.conf

Ka nemo layin da ya fara da media_dir ka mayar da shi haka, ka kuma gyara sauran layuka biyun da ke ƙasa, ka cire alamar # idan tana gabansu:

media_dir=A,/mnt/waka
friendly_name=Rumbun Gida
inotify=yes

Harafin A yana nufin sauti kawai za a duba. Layin ƙarshe kuma shi ke sa ta lura da sabon abu idan an ƙara. Ka adana, ka rubuta sudo service minidlna force-reload, ka ba ta lokaci ta zagaye faifan. Don tabbatarwa, ka rubuta hostname -I, za ta ba ka adireshinta, irin 192.168.0.20. Ka buɗe burauza ka rubuta adireshin, ka bi shi da :8200. Shafi zai fito da adadin fayilolin da ta gano.

Mataki na shida: haɗawa da na'urar falo

Ka jona na'urar da rautar nan, da kebul in da hali. Ka buɗe manhajarta a waya. A MusicCast ta Yamaha ka shiga Server. A HEOS ta Denon da Marantz ka shiga Music Servers. Za ka ga Rumbun Gida. Ka shiga, ka zaɓi mawaƙi, ka danna. Yanzu ko ka kashe wayar, sauti ba zai yanke ba. Idan manhajar kamfanin ba ta yi maka ba, BubbleUPnP a kan Android tana yin aikin.

Sonos da Bluesound hanyarsu daban: folda da aka raba ta tsarin SMB suke nema. Mai irin su sai ya girka manhajar samba a kan Pi, ya raba /mnt/waka, ya shigar da adireshin a manhajar na'urar. A nan wajibi ne a shiga saitin rauta a kafe wa Pi adireshi ɗaya, don kada ya sauya bayan an ɗauke wuta.

Idan abin ya ƙi

Idan na'urar ba ta ga rumbun ba, kusan kullum laifin sadarwa ne. Ka duba ko wayar tana kan Wi-Fi na gida ko ta koma data. Ka duba ko wani abu yana kan layin baƙi na rauta, domin wannan layi yana hana na'urori ganin juna. Haka ma saitin AP Isolation, a kashe shi. Gida mai rauta biyu, a tabbatar duka na'urorin suna ƙarƙashin guda. Idan kuma sauti na yankewa, ba nauyin waƙa ba ne: ingancin CD kilobit 1,411 ne a daƙiƙa, abin da kowace rauta ke ɗauka ba wahala. Katangar siminti ce ke cinye Wi-Fi, kuma kebul ne maganinta.

Wuta, zafi da ƙura

A wurarenmu wannan sashe ba na wasa ba ne. Ɗaukewar wuta ba zato tana iya lalata abin da ke kan katin memori. Ka ɗora Pi da rauta a kan inbata ko sola, ko ƙaramin UPS na rauta. Wutar da Pi ke ci 'yan wat kaɗan ce. In za ka kashe ta da kanka, ka rubuta sudo shutdown -h now, ka jira koriyar fitilar ta daina ƙiftawa kafin ka zare. Idan zafinta ya kai wajen digiri 80 takan rage gudu da kanta, don haka a lokacin bazara ka sa ta a akwati mai fanka ko na alminiyam, kada ka ɗora ta a kan amfilifaya. Umarnin vcgencmd measure_temp zai nuna maka zafinta. Da hunturu kuma ka riƙa kaɗe ƙurar da ke taruwa a ramukanta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duka: faifai yana mutuwa ba sallama. Ka sayi na biyu, ka kwafe komai a kai, ka ajiye a wani ɗaki, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da ka ƙara abu. Kwamfuta da rauta ana sayen wasu gobe, amma muryar tsohon mawaƙi ko karatun malamin da aka ɗauko daga kaset ba lallai a sake samu ba. Waƙoƙin waɗanda ke raye kuwa, ka saye su ta halastacciyar hanya, don mai gumi ya ci guminsa. Mai karatu, ka fara da gyaran sunaye tun yau; sauran matakan aikin yamma ɗaya ne.